Yadda ake buɗe ɗakin rainon yara a wurin aiki a Damagaram

Dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, takwas daga ciki bayan ta sauka. Ta kuma ba ta damar shayarwa har awa ɗaya a kowace ranar aiki, tsawon wata 12 daga ranar haihuwa. Likitoci kuwa sun ce jariri ya sha nonon uwa zalla, ko ruwa kada a haɗa masa, sai ya cika wata shida. To a yi lissafi. Uwa ta koma bakin aiki ɗanta bai wuce wata biyu ba, da sauran wata huɗu na nono zalla, kuma awa ɗaya ce tak a hannunta. In gidanta yana Garin Malam ko Kara-Kara, wurin aikinta yana tsakiyar gari, kafin kabu-kabu ya kai ta ya dawo da ita rabin awar ta tafi, kuɗin cefane ma ya taɓu.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi a garin nan. Ko a ɗauko yarinya ƴar shekara goma daga ƙauyukan Mirriya ko Matamai a ce ƴar raino ce, a raba ta da makaranta don wata ta samu zuwa aiki. Ko kuma ma'aikaciyar ta yi ta neman izini yau da gobe har ta gaji ta zauna gida. Malamar da ƙasa ta yi shekaru tana horarwa, da ungozomar asibiti, da wadda ta fito daga Jami'ar André Salifou da digiri a hannu, duk sai a rasa su a daidai shekarun da suka fi ƙarfi. Doka ta ware wa mata kashi 30 cikin ɗari na muƙaman naɗi tun 2019, amma wa za a naɗa in an bar su sun zube tun daga matakin farko? Binciken ƙasa na 2021 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 6.2 a matsakaici, jihar Damagaram kuma ita ta fi kowace jiha jama'a a ƙidayar 2012, da mutum sama da miliyan uku da rabi. Ke nan goyo zai bi ma'aikaciya cikin mafi yawan shekarun aikinta, kuma wurin aikin da bai tanadar masa wuri ba zai yi ta asarar mutanensa.

Ɗaki guda kusa da uwa, da ruwa, da mace amintacciya da ake biya haƙƙinta, sun isa a fara. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: ku ƙirga kanku

Kafin ku tunkari kowa, mace biyu ko uku su ɗauki littafi su zagaya abokan aiki. A rubuta mai goyo, da watannin yaronta, da mai ciki da watan da take sa ran sauka, da unguwar da kowacce take, da wanda ke riƙe mata yaro a yanzu. A tambayi kowacce abin da za ta iya bayarwa a wata ba tare da ta takura ba. Wannan tambayar a keɓe ake yin ta, don a gaban jama'a kunya za ta sa mace ta faɗi abin da ba za ta iya ba.

Kada ku tsallake maza. Akwai wanda matarsa ɗaliba ce, akwai wanda matarsa ke aiki a wani wuri, akwai wanda aka rasu aka bar masa ƙaramin yaro. Ranar da namiji ɗaya ya sa sunan ɗansa a littafin, maganar ta tashi daga ta mata ta koma ta ma'aikata duka, kuma masu cewa za a mayar da ofis gidan suna sukan yi shiru.

In yaran ba su kai biyar ba, ku leƙa maƙwabta. Makaranta da asibitin unguwa da ofishin da ke kallon juna suna iya haɗa ɗaki ɗaya, muddin uwa za ta taka da ƙafa ta isa cikin minti biyar.

Mataki na biyu: zuwa gaban shugaba

Ku kafa ɗan kwamiti na mutum uku zuwa biyar, da mai riƙe kuɗi daban da mai rubutu. Ku jawo wakilin ma'aikata ko na ƙungiyar ƙwadago tun da wuri. Ma'aikatan kamfani da na ƙungiyoyi dokar ƙwadago ce ke kansu, kuma ofishin sufeton ƙwadago na jiha zai nuna muku ayoyin da suka shafi haihuwa da shayarwa. Ma'aikatan gwamnati suna da nasu kundin daban, sai a nemi mai kula da sha'anin ma'aikata ya fito da shi. Ku je da takardar a hannu.

Shugaba da ya ji an ce gidan raino, gini da miliyoyi yake hangowa, sai ya ce babu kuɗi a kasafin bana. Don haka ku rage masa fargaba tun a jumlar farko: "Ranka ya daɗe, ba gini muka zo roƙo ba. Ɗakin nan na baya da ake zuba tsofaffin kujeru muke so a ara mana wata uku mu gwada." Sannan ku nuna masa littafin: ga mata nawa, ga awa nawa ke tafiya a hanya kowane mako, ga ranakun da aji ya wuni ba malama ko layin awo ya tsaya don an kira uwa gida. Abin da zai samu shi za ku fi nanatawa, don shi ma akwai na sama da ke tambayarsa aiki.

In ya amince, kada ku tashi da alkawarin baki. A rubuta a takarda mai hatimin ma'aikata: wane ɗaki, wa ke biyan wuta da ruwa, nawa ma'aikata ke sawa a wata, wa ke da alhaki in wani abu ya faru. Shugabanni canja su ake yi, wanda ya zo kuma takarda yake dubawa.

Mataki na uku: ɗakin da kansa

Nan ne Damagaram ta bambanta da wasu wurare, kuma nan ya kamata ku fi ɓata lokaci. Ku shiga ɗakin da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ku zauna rabin awa. In babba ya kasa zama, jariri ba zai iya ba. Ɗakin kwano marar silin kada ma a fara. A nemi mai silin, mai taga biyu da ke kallon juna don iska ta ratsa, wanda bangonsa ba ya fuskantar rana ta yamma. In akwai bishiyar dogon yaro a ƙofar, an dace. In babu, a kafa rumfar zana mai faɗi, don da hantsi yaran da suka fara tafiya a waje za su fi son zama. Tagogi a sa musu raga saboda sauro da ƙuda, da labule mai kauri da za a saki lokacin hunturu in ƙura ta taso.

Wuta ana ɗauke ta, kuma ta fi ɗaukewa a lokacin da aka fi buƙatarta. Fanka mai caji biyu, ko ƙaramin faifan sola da batir, sun fi na'urar sanyaya ɗaki da za ta tsaya tsakar rana amfani. Duk wata kafar wuta da ke ƙasa a toshe ta ko a ɗaga ta sama.

Sai ruwa. Ɗan Damagaram ba ya buƙatar a ba shi labarin ƙarancin ruwa, ya san famfo yana iya yin kwanaki bai ɗiga ba. Ɗakin raino kuwa ruwa yake ci: wankin hannu, wankin gindi, wankin fo, goge ƙasa, wankin kofuna. A makon farko ku ƙirga jarka nawa ke ƙarewa a rana, ku ninka sau uku, wannan shi ne abin da zai zauna a ajiye kullum. Ku yi yarjejeniya da ɗan garuwa guda tsayayye, ku biya shi a mako, ku riƙe lambarsa da ta wani na biyu. Ruwan sha daban a tulu ko randa mai murfi da moɗa ɗaya mai dogon hannu, wanda aka tafasa ko aka sa wa maganin tsarkake ruwa. Durom da bokitai duk a rufe su, a kuma ajiye su inda yaro ba ya kaiwa. Yaro mai rarrafe yana iya kifawa cikin bokiti mai rabin ruwa, kuma ba a jin motsinsa.

A ƙasa a shimfiɗa leda mai kauri da ake gogewa, a ɗora tabarmi. Kowane jariri da ƴar katifarsa da zanen gadonsa da gidan sauro, kuma a rigingine ake kwantar da shi, ba matashi, ba tarin tsummoki a gefen fuska. A kusurwa ɗaya a ja labule a sa kujera ko darduma inda uwa za ta shayar cikin sutura. Wurin canja ƙunzugu ya yi nesa da wurin abinci, da buta da sabulu a gefensa. Murhu, na gawayi ne ko na gas, a waje yake zama. Ruwan jabel da magani da ashana a saman kanta mai makulli. Kowace safiya kafin yara su iso a kakkaɓe tabarmi a duba lunguna, don garin duwatsu ba ya rasa kunama.

Mataki na huɗu: wadda za ta riƙe yaran

Ɗaki ko ya kai yaya kyau, hannun da ke cikinsa shi ne komai. Ra'ayina a nan ba ya lanƙwasa: kada a ɗauki yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba. In muka buɗe ɗakin don mata su yi aiki, muka kuma cika shi da yaran da aka cire daga aji, mun toshe ɓaraka ɗaya mun buɗe wata.

A nemi mace mai natsuwa wadda ta yi goyo, wadda mai unguwa ko limamin unguwarsu zai tsaya mata. Zawarawa da matan da mazajensu suka rasu da yawa suna neman irin wannan aiki. In da hali a haɗa dattijuwa da matashiya mai karatu, ɗaya ta kawo haƙuri da sanin yaro, ɗaya ta riƙe littafi da waya. Kada mace ɗaya ta wuce jarirai uku. Waɗanda suka fara tafiya tana iya duba biyar ko shida. Kuma ko yara huɗu ne kacal, mutum biyu ake so, don mai raino ita ma tana salla, tana zagayawa, tana rashin lafiya.

Wurin tantancewa ku yi mata tambayoyin da za su fito da halinta. "Inna, in jariri ya yi ta kuka, uwarsa tana cikin taro, me za ki yi?" Wadda ta ce za ta goya shi ta aika a kira uwar, ta ci. Wadda ta ce za ta ɗan ɗura masa ruwa ko bauri ya yi barci, da kyakkyawar niyya ta faɗa, haka aka yi mana muna jarirai, amma sai an zauna da ita an fahimtar da ita kafin a ba ta ɗan wani. Ƙa'idar a bayyane take: jaririn da bai kai wata shida ba, ba ruwa, ba bauri, ba jiƙo. Wanda bai shekara ba, ba zuma. Ba a ba kowane yaro maganin sa barci. Ba duka, ba tsawa, ba girgiza jariri. Gyaɗa da aya da ƙwallon dabino ba sa shiga ɗakin, don su ne ke sarƙe ƙananan yara.

Ku roƙi shugaban asibitin unguwa ya ba masu rainon horo na kwana biyu ko uku: wankin hannu, haɗa ruwan gishiri da sukari na gudawa, abin da ake yi in yaro ya shaƙe ko ya yi jijjiga, da alamomin da ba a jira da su. Su ma a duba lafiyarsu, musamman tari mai daɗewa.

Sannan a biya su kamar ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jaka 42, wato sefa dubu 42 a wata, tun farkon 2024. A yi musu takardar aiki, a yi musu rajista a CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da kariyar ma'aikata, a ba su ranar hutu. Macen da ake ba ɗan abin goro a ƙarshen wata, ranar da ta samu wanki ko aikatau mai tsoka za ta tafi, yaran da suka saba da ita kuma su yi mako suna kuka.

Mataki na biyar: kuɗi

Ga misali don a ga yadda lissafin ke tafiya, ku sa naku alƙaluman. Yara goma, masu raino biyu, albashinsu jaka 84. A ce in an haɗa albashin da kuɗin ruwa da sabulu da jabel da na CNSS da ɗan abin ko-ta-kwana, jimla ta kai jaka 120 a wata. In ma'aikata ta ɗauki rabi, kowace uwa jaka shida za ta bayar. Ta gwada wannan da abin da take kashewa a kabu-kabu da ɗawainiyar ƴar raino, za ta ga inda riba take.

A karɓi kuɗi a makon da albashi ya shigo, a ba da rasit, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. Mai shara da mai dafa abinci ba za su biya daidai da shugabar sashe ba, a yi hawa biyu ko uku gwargwadon albashi. Kayan farawa, wato katifu da fanka da durom, nan ne za a iya neman gudummawa daga ƙungiya ko wani mai hali. Albashin masu raino kuwa kada a rataya shi a wuyan wani shiri na shekara biyu, don ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa ɗakin ma ya rufe.

Mataki na shida: lafiya da ƙa'idojin yau da kullum

Ba a karɓar yaro sai da katin rigakafinsa: ta ranar haihuwa, ta mako 6 da 10 da 14, da ta ƙyanda a wata tara. Yara da yawa a ɗaki ɗaya, in cuta ta shigo kowa za ta taɓa. Jihar nan ta sha fama da sanƙarau a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, kuma lokacin hunturu da bazara ne yake tasowa, don haka cunkoso da rufe tagogi ruf haɗari ne. Da damina in masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka fito, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, a tabbatar kowane yaro ya samu, da sanin uwarsa.

Yaro mai zazzaɓi, ko gudawa, ko ƙuraje, ko jan ido, a gida zai wuni. Wannan ƙa'idar ita ta fi jawo ɓacin rai, don uwa za ta zo da safe ta ce ai ɗan zafin haƙori ne. A rubuta ta tun farko kowa ya sa hannu, mai raino ta samu abin dogara. Alamomin da ake ruga wa asibiti ba tare da jiran kowa ba su ne: yaro ya ƙi kama nono, ko yana amayar da komai, ko jijjiga, ko numfashi sama-sama, ko wuya ya sanƙare, ko maɗiga ta kumbura ko ta faɗa. A manna lambar uwa da ta uba da ta wani ɗan kabu-kabu amintacce a bango. Tun 2006 gwamnati ta sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocinta, amma a ajiye ɗan kuɗi a akwati saboda maganin da za a iya cewa a saya a waje. Sau ɗaya a wata a auna damtsen yaran da suka wuce wata shida da igiyar awo mai launi uku. In ta nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, asibiti a ranar.

Maganar tatsar nono a ajiye, a yi hattara. A ɗaki mai sanyin digiri 25 yana kai awa huɗu, amma a bazarar Damagaram ba ya kai haka, firji kuma bai da tabbas in wuta na yawo. Tunda uwa tana kusa, ta zo da kanta. Awa ɗayan nan ta doka a raba ta biyu ko uku, a tsara da shugaban sashe wa ke riƙe mata wuri in ta fita. In dole ta kama a ba da wanda aka tatsa, da ƙaramin kofi mai tsabta ake ba shi, don bulumboti wuyar wankewa gare shi. Yaran da suka fara cin abinci kowa uwarsa ta zo masa da kununsa a mazubi mai suna.

Littafin ƙofa kuma wajibi ne: wa ya kawo yaro, ƙarfe nawa, wa ya ɗauke shi. Ba a miƙa yaro ga wanda ba a rubuta sunansa ba, ko ya ce shi kawunsa ne.

Mataki na bakwai: sanar da hukuma, a fara

Ku kai takarda ofishin jiha mai kula da mata da yara, da ma'aikatar magajin gari, ku gayyace su su zo su gani da idonsu, ku kuma tambaye su takardun da ake buƙata. Ku buɗe da yara kaɗan. A makon farko kowace uwa ta riƙa leƙowa sau da yawa har yaron ya saba. Bayan wata uku ku zauna da shugaba da littafin nan na farko, a gwada fashin aiki na da da na yanzu. Asibitoci masu aikin dare sai sun ƙara mai raino ta dare da fitila mai caji. Wannan a bar shi sai na rana ya zauna da gindinsa.

In ba ofis kuke ba

Mafi yawan matan Damagaram da ke juya dukiya ba su da shugaba balle hutun haihuwa: masu awo a Kasuwar Dole, masu tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa, masu ɗinki, masu fura. Ga kaskon mai yana tafasa, ga yaro yana rarrafe a gefensa. Su ma tsarin nan yana yi musu, sai dai a sauƙaƙe. Ƙungiyar adashi, ko irin ta Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta faro a jihar Maraɗi a 1991, ta riga tana da akwati da shugaba da amana. A ƙara ɗan zubi na mako, a nemi sarkin kasuwa ko mai unguwa ya ba da rumfa nesa da wuta da hanyar babura, a kewaye ta da zana, a ɗauki mace biyu. In kuɗin bai kai ba a yi karɓa-karɓa, amma wadda ke kan aiki a ranar a biya ta cinikin da ta rasa daga akwati, in ba haka ba mako biyu za ta yi ta janye. Ƙa'idar ruwa da rigakafi da littafin ƙofa ba ta canjawa.

A ofis ne ko a kasuwa, ku yanke shekarun fita tun ranar buɗewa. Yaron da ya cika shekara uku a sallame shi zuwa makarantar share fage, a sanar da uwarsa wata biyu kafin lokacin don ta nemi gurbi, katifarsa kuma a wanke a shanya a ba ta farko a jerin masu jira.